Tsaga a Ɗakin Hajiya Maiturare

Makon da girgizar ƙasa ta kwantar da garuruwa a Turkiyya da Siriya, Dela na durƙushe a gaban gadon surukarta tana ba ta kunu da cokali, talabijin kuwa na kunne a kan durowa. Kwana uku ba a nuna komai sai benaye da suka zube kamar an taka kwali, da mutane suna tonon 'yan'uwansu da hannu. A rana ta huɗu aka kawo wani injiniya mai furfura, ya tsaya gaban wani kango yana bayani. Ya ce wasu daga cikin gidajen da suka fara faɗuwa, masu shagunan ƙasa ne suka sare ginshiƙansu don su faɗaɗa wurin ciniki.

Dela ta ajiye cokalin. Ta ɗaga kai ta dubi bangon da ke bayan gadon.

Tsagar ta faro daga kusurwar rufi, ta gangaro a karkace har kusa da matashin tsohuwar. Watanni uku da suka wuce zare ce. Yanzu ɗan yatsanta na shiga.

Gidan yana wata tsohuwar unguwa a kudancin Jidda, hawa biyu marigayi Alhaji, mijin tsohuwar, ya gina shi. Da rusau na hukuma ya tashi mutanen unguwar Nuzla da kewayenta, kowa na neman ɗaki ido rufe, sai ɗansa Abdulkahar ya ɗora wasu hawa biyu a sama ya zuba 'yan haya. A ƙasa kuma ya kawo ma'aikata suka fasa ginshiƙin da ke tsakanin shagunansa biyu, ya haɗe su wuri ɗaya yana sayar da tsofaffin firij da na'urar sanyaya ɗaki. Bangon bayan shagon shi ne bangon ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Maiturare, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyar. Dela matar yayansa ce, marigayi Abduljalil. Bahaushiyar Sudan ce, ba ta haihu ba, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu bayan mijinta, fasfonta na cikin akwatin Abdulkahar. Ita ke juya tsohuwar, ita ke wanke ta, a ƙasan gadonta take shimfiɗa.

"Hajiya, kin ji abin da mutumin nan ya ce?"

"Na ji. Can ne, ba nan ba."

"Mu ma an sare mana ginshiƙi."

Tsohuwar ta juya ido, bakinta a karkace. "Gidan nan Alhaji ya gina shi da hannunsa. Ruwan da ya ci Jidda bai taɓa shi ba. Ba ni kununa, kada ki jawo mana abin da Allah bai saukar ba."

Da azahar Dela ta hau sama inda Abdulkahar ke cin abinci da matarsa Ruba da 'ya'yansu mata biyu, Bayan da Dalal. Ta gaishe shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa masa. Bai daina tauna ba.

"Ya Dela, talabijin ta cinye miki kai. Nan Jidda ce. Kin taɓa jin ƙasa ta motsa a nan?"

"Abu Bayan, ba sai ƙasa ta motsa ba. Bangon da kansa yake buɗewa."

Ruba ta yi dariya. "Masha Allah, mun samu muhandisa, injiniya guda, a gida."

"Halas, zance ya ƙare," in ji shi. "Gobe za a shafe."

Aka shafe kuwa. Wani ma'aikaci ya cusa farar ƙasa a tsagar, ya bi ta da fenti. Kwana tara ta sake fitowa, ta haifi wata ƙarama a gefe. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai Dela ta sa kafaɗa take buɗuwa. Wata safiya tayil biyu suka ɗago a tsakiyar ɗaki da ƙara kamar an fasa faranti. Kullum ta share ƙasa sai ta kwashe garin siminti cikin tafin hannu, wani lokacin a kan zanen gadon Hajiya, wani lokacin a cikin gashinta.

Duk Talata wata ma'aikaciyar jinya mai suna Latifatu, 'yar Zariya da ke aiki a wani asibitin kuɗi, takan zo wanke wa Hajiya gyambon kwanciya. Ranar nan tana cikin aiki sai ɓarɓashi ya faɗo cikin kwanon magani. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"Anti Dela, tun yaushe abin nan yake haka?"

Dela ta ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa. Latifatu ta ɗauki hoton bangon da na ƙofar, da ta fita ta leƙa shagon kamar mai tayin firij, ta ɗauki hoton gurbin ginshiƙin, inda guntayen rodi ke leƙowa daga rufi. Mijinta injiniyan gini ne. Da la'asar ta turo wa Dela saƙon muryarsa.

"Baiwar Allah, wannan ba tsagar filasta ba ce. Nauyin hawa uku ne yake neman inda zai zauna bai samu ba. Ban san ranar ba, amma ni ko awa ɗaya ba zan bar iyalina a ciki ba. Ku fita, a kuma sanar da baladiyya, hukumar birni."

Dela ta saurara sau uku. Ta ɗauka in Abdulkahar ya ji daga bakin namiji mai ilimin abin, zai yarda. Da ya shigo gaida mahaifiyarsa bayan la'asar washegari, ta kunna masa.

Bai bari saƙon ya ƙare ba. Kalmar baladiyya na fitowa ya fizge wayar ya maka ta da bango, ya juyo ya ɗauke Dela da mari har kanta ya bugi ƙarfen gado. Kafin ta miƙe ya ƙara mata wani da bayan hannu. Zobensa ya tsaga mata leɓe.

"Hoton gidana kike rabawa? Kin san abin da za su yi in sun zo? Su rufe gidan, su rushe, su kama ni! Ke kuma da ba ki da ko takarda ɗaya, tarhil za su kai ki, gidan korar baƙi, su jefa ki jirgi. Wa kike da shi a Sudan? Ni na rufa miki asiri shekara huɗu!"

"Abdul, bari," in ji Hajiya daga kan gado. "Bari mana."

Ya fita yana huci. Dela ta zauna a ƙasa tana tare jinin da gefen mayafinta. Can tsohuwar ta ce, "Ke ma da naki. Namiji ba ya son a kawo masa maganar wani namiji a gidansa."

Ranar Talata Latifatu ta zo, aka tare ta a bakin shago aka ce an samu wata.

Mako biyu bayan haka, da hantsi, Dela ta ji ana jan kaya a matakala. Ta leƙa ta ga babbar mota a ƙofar gida, ana loda kujerun Ruba da gadajen yara. Ta fita da sauri ba takalmi. Ruba na tsaye a inuwa cikin abaya, tana nuna wa ma'aikata abin da za su ɗauka.

"Ummu Bayan, ina zuwa haka?"

"Unguwar Ruwais. Mun samu shugga, ɗakunan haya a bene, kusa da makarantar yara. Kin san zirga-zirgar nan ta ishe su."

Dela ta dube ta. Makarantar yaran na bayan gidan, tafiyar minti biyar.

"Mijinki ya gani ke nan. Ya san gidan zai faɗi."

"A'uzu billahi, wane irin baki ne wannan?"

"To ku tafi da Hajiya. Ni ku bar ni, amma ku ɗauke ta. Ko a falo ne ku shimfiɗa mata."

Ruba ta gyara niƙabinta. "Ɗaki uku ne kacal, ya Dela, kuma hawa na huɗu. Wa zai riƙa hawa da ita? Ga warin ciwon nan, yara ba za su iya ba. Ita ma ai ba za ta yarda ta bar gidan mijinta ba. In mun zauna, in sha Allah, za a duba."

Ba a kai sati ba aka zuba wasu 'yan haya a inda suka tashi. Da Dela ta faɗa wa Hajiya cewa ɗanta ya kwashe iyalinsa, tsohuwar ta daɗe tana kallon rufi. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Amma abin da ta ce shi ne, "Saboda makaranta ne."

Daga ranar Dela ta daina jiran kowa. Ba ta da waya, ba ta da takardar da za ta shiga ofis da ita, amma tana da ƙafa. Ta bi gidan hawa-hawa tana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ta faɗa wa leburorin da ke cunkushe su takwas a ɗaki ɗaya. Ta faɗa wa wata matashiya mai suna Lama da ke goyon jariri a hawa na uku, ta kamo hannunta ta sauko da ita ta nuna mata bangon. Wasu suka ce ina za su, duk garin babu ɗaki. Lama ta ce za ta gaya wa mijinta. Iyali biyu dai suka tattara kayansu a ƙarshen mako, kuma da suka je sallama da Abdulkahar suka faɗa masa dalili.

Ya shigo da rana tsaka, riƙe da wayar wutar firij da ya naɗe a hannu. Ya tura ƙofar da ƙafa. Dela na wanke wa Hajiya baya, hannunta duk kumfa.

Bulala ta farko ta sauka a wuyanta, ta biyu a fuska. Ta kare da hannu, ya bi hannun. Ta faɗi, ya bi ta da shuri a haƙarƙari, ɗaya, biyu, uku, har ta ji wani abu ya ɓalle a ciki, numfashinta ya tsaya. Bahon ruwan ya kife. Ta rarrafa za ta shige ƙarƙashin gado, ya jawo ta da ƙafa, ya take mata wuyan hannun hagu da takalmi ya murza. Ƙarar da ta yi har shago an ji. Ba wanda ya leƙo.

Hajiya na kwance tsirara rabin jiki, tana ta kiran sunansa da harshen da ba ya juyuwa, tana dukan katifa da hannunta mai lafiya.

Sai da ya gaji ya tsaya, yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Shekara huɗu kina cin abincina. Yau ke ce za ki kore mini mutane? Wallahil azim, ƙafarki ba za ta sake taka waje ba."

Ya juya ga mahaifiyarsa, ya ja zane ya rufe ta, ya sumbaci goshinta. "Ki yafe ni, Ummi. Ita ta ja."

Kafin magariba ya kawo mai walda ya kafa ƙarfe a ƙofar da ta raba sashensu da matakala, ya sa kwaɗo ta waje. Tagar ɗakin dama da ƙarfe take. Kullum da azahar yakan buɗe, ya ajiye ledar shinkafa da burodi, ya gaida tsohuwar daga tsaye, ya kulle.

Kwana goma sha ɗaya suka yi haka. Hannun Dela ya kumbura ya yi baƙi, ta ɗaure shi da tsumma. In ta yi tari sai ta ga jini. Da hannu ɗaya take juya Hajiya, tana cije leɓe, gyambon tsohuwar kuwa ya fara ruwa don babu magani. Ta ja gadon da ƙugunta, taƙi-taƙi, har ta raba shi da bangon ta kai shi kusa da ƙofar banɗaki. Abin da ta iya ke nan. Bangon yanzu yana magana da rana ma, wani ƙas-ƙas kamar ana taunar ƙashi.

"Ki yi haƙuri da shi," in ji Hajiya wata rana. "Zuciya gare shi, irin ta ubansa. Amma ba mugu ba ne."

Dela ta sake ɗaure tsumman hannunta.

Ranar Juma'a da hantsi motar ruwa ta tsaya a ƙofar gida. Dela na jin injinta na tura ruwa sama, cikin sababbin tankuna uku da Abdulkahar ya ɗora a kan rufin don 'yan haya. Aka yi kiran salla, maza suka fice masallaci, unguwa ta yi tsit. Liman na cikin huɗuba, muryarsa na shigowa ta taga, sai wani abu ya yi ƙara a cikin shago kamar harbin bindiga. Tsagar ta buɗe a idonta, har ta hango firij ta cikinta.

Ta ruga ƙofa. Ta daki ƙarfen da hannu, da kafaɗa, da goshi. "Jama'a! Ku buɗe! Lama, ki fita! Ki fita da yaron!" Kwaɗon na ta kaɗawa a waje. Ƙasa ta fara zubowa kamar ruwan sama.

Ta dawo da gudu, ta cusa hannunta mai lafiya ƙarƙashin hammatar Hajiya, ta jawo ta daga gado suka faɗi tare a bakin banɗaki. Ta kifa a kanta. Daga nan sai duhu, da wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta ba, da nauyi.

Da ta farfaɗo bakinta cike yake da ƙasa. Ba ta jin ƙafarta ta dama ko kaɗan. Ruwan tankunan na tsiyayowa ta cikin ɓaraguzai yana jiƙa mata baya. A ƙarƙashinta tsohuwar na numfashi da ƙyar, kamar ana jan zarto.

"Dela."

"Na'am, Hajiya."

"Abdul... yana ciki?"

"Yana Ruwais."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar.

Dela ta yi ta laƙƙana mata kalmar shahada, tana maimaitawa a kunnenta, har ta lura ita kaɗai take faɗa. Ta kwanta a kan gawar awa huɗu. Tana jin ihun mutane a sama, da jiniya, da injin yankan ƙarfe. Ta samu guntun tayil ta riƙa buga bututun ruwa da shi har wani ya ce a yi shiru, akwai mai rai a nan.

Ma'aikatan ceto sun zaro ta kafin faɗuwar rana. Mutum huɗu ne ba su fita da rai ba: Hajiya Maiturare, da wani lebura da zazzaɓi ya hana zuwa masallaci, da Lama da jaririnta, waɗanda aka samu a kan matakala. A asibiti aka yanke wa Dela ƙafa daga gwiwa. Likitan da ya duba ta ya tambayi ma'aikatan jinya yadda aka yi gini ya bar wa mutum shatar bulala a wuya, da karayar hannu da ta kwana fiye da goma.

A rana ta uku Ruba ta zo, da ledar lemo da tuffa. Idanunta sun kumbura. Ta ja kujera ta zauna daf da gadon, ta kama hannun Dela.

"Hukuma ta tsare Abu Bayan tun ranar. Ko jana'izar Ummi bai samu ba. Gobe mai bincike zai zo wurinki." Ta rage murya. "Sun ga kwaɗo a ƙofar. Ki ce ke kika roƙa a sa, saboda tsoron 'yan haya maza. Ki ce ba ki taɓa ganin tsaga ba. Ciwon jikinki kuma faɗuwa kika yi a banɗaki. Wallahi in ya fito zai gyara miki iƙama, ki zauna tare da mu, ɗaki guda naki."

"A hawa na huɗu?" in ji Dela. "Wa zai riƙa hawa da ni?"

Ruba ta fashe da kuka. "Ki dubi Bayan da Dalal. Ƙaddara ce, ya Dela. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa. Ita Ummi da tana raye, kin san abin da za ta ce ki yi."

"Na sani," in ji Dela. Ta zare hannunta, ta juya fuska bango.

Washegari mai binciken ya zo da littafinsa, ya tambaye ta ko tana buƙatar tafinta. Ta ce a'a, Larabcinta ya isa. Ta fara daga ranar da aka fasa ginshiƙin, ta faɗi ranar da aka shafe tsagar, da ranar da motar kaya ta zo, da wayar firij, da mai walda. Ta ba shi sunan Latifatu, wadda har yanzu hotunan na cikin wayarta. Da ya tambayi takardunta ta ce ba ta da su, ya rubuta wannan ma. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo kan Lama.

An yanke wa Abdulkahar hukuncin ɗauri. Dela ta yi wata biyu a asibiti, Latifatu ce kaɗai ke zuwa duba ta, ita ta kuma ɗauke ta zuwa gidanta ranar da aka sallame ta, kafin a ga yadda za a yi da maganar takardu. Daga dangin mijinta ba wanda ya taka. A zaman makokin Hajiya, matan da suka sha jin ihunta ta taga suka ce dama bakinta ne ya ja, kullum gida zai faɗi, gida zai faɗi, har mala'iku suka ce amin. Dattawan da suka wuce ta gaban shagon sau dubu suna ganin rodi a waje suka ce ko me ya yi mata, bai kamata ta kai ɗan gida hannun hukuma ba, ga 'ya'ya mata ƙanana.

An kwashe ɓaraguzan, filin na nan fayau, ana ajiye motoci a ciki. In baƙo ya tambayi abin da ya faru a wurin, 'yan unguwa sukan nuna da haɓa su ce, ai nan ne gidan da matar nan ta ɗaure ƙanin mijinta.